Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Matasan Zangon Kumasi Masu Kiran Gurguzu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ku 'ya'yana da ƙannena,

Takardarku ta iso hannuna ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ɗan ƙanwata ne ya miƙo mini ita, shi ma yana cikinku, kuma na san so yake ya ji abin da kawunsa zai ce. Na karanta ta a rumfa, na sake karanta ta da dare. Kun nemi gwamnati ta yanke farashin shinkafa da mai da sukari da siminti, ta hukunta duk wanda ya ƙetare. Kun nemi ta karɓe shigo da kayan masarufi daga hannun 'yan kasuwa, ta buɗe kantunanta a kowace unguwa. Kun rufe da cewa jari-hujja ya cinye mu, gurguzu ne mafita, Nkrumah, shugaban Ghana na farko, ya nuna hanya aka tare shi.

Ni mai sayar da albasa ne, na haura shekara 30 a kan wannan sana'a. Wani a cikinku zai ce ai ɗan kasuwa tukunyarsa yake karewa. To, ya faɗa. Amma ya bari in gama tukuna, don abin da kuke roƙo an taɓa ba mu shi a ƙasar nan, kuma ina da wayo lokacin.

Kukanku gaskiya ne, ba ni da ja a kansa. Ina ganin yaran da suka gama jami'a suna tuƙa pragya, keken haya mai ƙafa uku, daga Aboabo zuwa Alabar. Ina ganin magidanci ana ce masa ya kawo kuɗin hayar shekara 2 a dunƙule kafin a ba shi makulli. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100, kuɗin da mutum ya kwana da shi ya tashi ya tarar ya rame. Duk wanda ya ga wannan bai ji zafi ba, zuciyarsa ta mutu. Inda muka rabu da ku shi ne maganin.

A 1979 ina da shekara 13. Mma, mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, tana da tebur a gefen babbar kasuwa, tana sayar da sabulu da madarar gwangwani da sukari da ashana. A lokacin kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaya yana da farashin gwamnati, wanda muke kira kwantirol. Sai dai Mma ba ta taɓa samun kaya a kan kwantirol ba, ko sau ɗaya. Masu samu su ne waɗanda ke da takardar izini daga manya, su karɓo daga kamfani a farashi mai sauƙi, su sayar wa wani tun kafin a loda motar, shi ma ya sayar wa wani. Kafin katan ɗaya ya iso teburin Mma ya bi hannu 3 ko 4. Abin da take saye da shi ma ya riga ya fi kwantirol, balle abin da za ta sayar.

Wata safiya masu kaki suka zo. Suka tsaya a kan teburin, suka ce jama'a su yi layi, suka sayar da komai a farashin gwamnati. Ina tsaye ina kallo, kuma a cikin masu layin har da maƙwabtanmu, mutanen da Mma take ba bashi. Ban riƙe su a zuci ba, kowa da yunwarsa. Ita ba a dake ta ba, amma matar da ke kusa da ita an kwantar da ita an yi mata bulala a gaban 'ya'yanta. Kuɗin da aka zuba wa Mma a zani bai isa ya cika rubu'in teburin ba. Ba ta sake buɗe shi ba har ta bar duniya. Koko da ƙosai ta koma yi a ƙofar gida, da su ta ƙarasa rainonmu.

A Ankara, babban birnin ƙasarmu, abin ya fi haka muni. A watan Agusta na wannan shekara aka sa nakiya aka rushe kasuwar Makola ta ɗaya, da sunan cewa matan kasuwa ne suka jawo tsada. Kasuwar ta kwanta, sabulu bai fito ba. Bayan 'yan makonni ko da kuɗinka ba za ka same shi ba, sai ka san wanda ya san wani, a miƙo maka ta bayan gida bayan magariba. Muka koma wanki da sabulun salo.

Na daɗe ina juya wannan rana a raina kafin in gane abin da ya faru. Doka tana iya rage farashi a takarda, amma ba ta iya ƙara gwangwani ɗaya a kan tebur. In kaya 10 ne masu so 100, sai an sami hanyar raba su. In an hana kuɗi ya raba, sanayya za ta raba, ko kaki, ko katin jam'iyya, ko abin da ban so in ambata ba wanda 'yan mata da yawa suka biya da shi a zamanin mulkin sojan Acheampong don samun takardar izini. Kalabule, wato cinikin bayan fage da ƙetare farashi, da ake zagin 'yan kasuwa da shi, farashin gwamnati ne ya haife shi. An kama jaririn ana duka, an bar uwar tana ta haihuwa.

Ku dubi manomin koko, na gona nake nufi. Tun 1947 hukumar gwamnati ce ke riƙe da cinikinsa, Turawa suka kafa ta, gwamnatocinmu suka gada suka ƙara ɗaure ta. A kakar 1964 zuwa 1965 Ghana ta fitar da fiye da tan 500,000, ba ƙasar da ta kamo ta a duniya. Zuwa kakar 1983 zuwa 1984 abin ya faɗo ƙasa da tan 200,000. Manomi yana ganin abin da ake biyan ɗan'uwansa a Kwaddibuwa da Togo, yana ganin ɗan abin da hukuma ke miƙo masa. Wasu suka riƙa ɗaukar buhu a ka suna ƙetare iyaka cikin dare, wasu suka bar gonar ta zama daji, wasu suka sare itatuwan suka shuka rogo. Gwamnati ta kafe cewa dala ɗaya sidi 2.75 ce, alhali a bayan fage ta ninka haka fiye da sau 10. Wanda ya sami dala a farashin gwamnati ya zama attajiri kafin la'asar ba tare da ya ɗaga tsinke ba, kuma guminsa manomin ne ya yi masa.

Ba zan ɗora wa gurguzu duk abin da ya same mu a 1983 ba. An yi fari, gobarar daji ta cinye gonaki, Najeriya ta koro 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya a farkon shekarar. Amma masifar ta tarar da rumbunmu wayam, tituna sun mutu, motoci a jingine ba taya. Na ga ƙasusuwan wuyan manya sun fito, abin da mutane suka laƙaba wa sarƙar Rawlings, da sunan shugaban mulkin soja na lokacin. Kuma ku lura da wanda ya juya akalar. Rawlings ne da kansa, da sakataren kuɗinsa Kwesi Botchwey, mutanen da suka shigo da harshen juyin juya hali, suka kafa kwamitocin tsaro a unguwanni da kantunan jama'a. A Afrilun 1983 suka fara sassauta ɗaurin, sannu a hankali aka saki farashi, a 1988 aka halatta shagunan canjin kuɗi. Kaya suka dawo kasuwa. Jiki magayi ne.

Sai da na girma na fara karance-karance na tarar akwai malamai a Turai da suka yi bayanin teburin Mma tun kafin a haife ta. Su ne masu ra'ayin 'yancin mutum da dukiyarsa da taƙaita ikon hukuma, waɗanda silsilarsu ke komawa ga Adam Smith na 1776. Ɗaya daga cikinsu, Ludwig von Mises na Ostiriya, ya rubuta a 1920 cewa in gwamnati ta mallake gonaki da masana'antu da injuna duka, babu sauran saye da sayarwa a kansu, don haka babu farashinsu na gaskiya. In babu farashi, babu lissafi. Shugaban masana'anta ba zai san ko abin da yake fitarwa ya fi abin da yake cinyewa daraja ba. Wannan magana kowane ɗan kasuwa zai gane ta. Ni in na yi asara sau 2 a kan hanya ɗaya, na bar ta, don jarina ne ke zuba. Masana'antar gwamnati in ta yi asara sai ta nufi baitulmali, in baitulmali ya bushe a buga sabon kuɗi, mai koko da ƙosai ta biya bashin ta hanyar tsadar gero ba tare da an tambaye ta ba. Gonakin gwamnati da aka buɗe a farkon shekarun 1960, da taraktocinsu da ma'aikatansu masu albashi, ba su kamo ƙaramin manomi mai fartanya ba. Masana'antar buhu da ke nan Kumasi ta daɗe da yin shiru.

Ɗalibinsa Friedrich Hayek ya ƙara wani abu a 1945, kuma shi ne ya fi kama ni, don kullum ina ganinsa a rumfata. Ya ce sanin da tattalin arziki ke gudana da shi ba ya taruwa a kai ɗaya. A warwatse yake a kawunan dubban mutane, kowa da ɗan guntunsa, kuma farashi ne ke ɗaukar labarin daga wannan zuwa wancan. Shi da kuza ya ba da misali. Ni da albasa zan ba ku.

Me ke yanke kuɗin buhun albasa yau da safe? Ta Galmi ce, ko ta Agadas, ko ta Bawku? Sabuwa ce mai ruwa wadda ba za ta kwana 5 ba, ko busasshiya mai jure ajiya? Nawa sefa ta kwana? Kwana nawa motar ta yi a kan iyaka, shinge nawa ta biya, ruwan sama ya shiga ta ƙarƙashin tamfol? Mota nawa ke tafe a bayanta, azumi ya kusa ko Sallah ta wuce? Farashin hantsi daban, na la'asar daban, domin albasa ba ta jiran kowa, tana ruɓewa kana kallo. Direba ya san guntu, dillali ya san guntu, mai wake da shinkafa da ke saye ta san nata. Wane jami'i ne a ofis a Ankara zai tattara wannan duka, ya buga a takarda, kafin motar ta fara wari? Ko da waliyyi ne, ba zai iya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kun ga abin da ya faru a 2023 da aka yi juyin mulki a Nijar aka rufe iyakoki. Motocin albasa suka maƙale a hanya, farashi ya yi tsalle, kowa ya yi kuka, har da mu. Amma tsadar nan ita ta yi aikin da babu sanarwar rediyo da za ta yi. Uwar gida ta raba albasa ɗaya gida biyu. 'Yan kasuwa suka bazama neman ta wasu wurare da wasu hanyoyi, don akwai ribar da za ta biya wahalar. Da an kafe farashin a inda yake, wadda ke ƙasa za ta ƙare cikin kwanaki, kuma ba wanda zai sa jarinsa a doguwar hanya don ya dawo ya sayar da asara.

Akwai kuma wani Bature, Peter Bauer, da ya zo ya zauna ya nazarci kasuwancin ƙasar nan da na Najeriya, ya fitar da littafinsa a 1954. Ya kare ƙananan 'yan kasuwa da ake kira cima-zaune, ya nuna cewa matar da ke fasa kwalin sukari tana sayar da ƙwaya-ƙwaya aiki take yi wa talakan da ba shi da kuɗin kwali. Ya kuma yi gargaɗi a kan hukumomin sayen amfanin gona. Ba a saurare shi ba.

Kada ku ce wannan duk ilimin Nasara ne. Farashi ya taɓa tashi a Madina, sahabbai suka roƙi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yanke musu farashi. Bai yanke ba. Ya ce Allah ne Mai yanke farashi, kuma yana fatan ya haɗu da Ubangijinsa babu mai binsa haƙƙin jini ko na dukiya. Hadisin Anas ne, yana cikin Abu Dawud da Tirmizi. Na san ya hana ɓoye abinci don a tsananta wa mutane, na kuma san malamai sun yi magana a kan halin da hukuma za ta iya sa baki in an haɗa kai an cuci jama'a. Ku tambayi malamanku, sun fi ni sani. Ibn Khaldun kuma, tun ƙarni na 14, ya ware babi guda yana bayanin cewa in sarki ya shiga kasuwanci yana cutar da talakawansa, kuma harajinsa ma raguwa yake yi. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ya sa na kasa barci na ɗauki alƙalami. Hayek ya yi gargaɗi a 1944 cewa wanda ya riƙe abincin mutane ya riƙe bakinsu. Mu ma muna da ita: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yau in maigidanka ya kore ka, ka tsallaka rumfa ta gaba. Ranar da maigida ya zama ɗaya tak a ƙasa, shi ke ba da aiki, shi ke ba da shinkafa, shi ke da jarida, shi ke da kurkuku, ina za ka tsallaka?

Kuma wa zai fara shan wuya? Mu mutanen zango. Kakanninmu fataucin goro da shanu ne ya kawo su, ta Salaga da sauran zangunan hanya. Ƙasar noma ta masu kujerun sarauta ce, yawancinmu ba mu da ko taki ɗaya. Ba mu cika ofisoshi ba. Abin da ya riƙe mu shekara da shekaru shi ne kasuwa, da amana tsakanin fatoma da baƙonsa, da la'adar dillali, da adashin mata. A kasuwa ba wanda ya taɓa tambayata inda aka haifi kakana kafin ya sayi albasa. Ku da kanku kun san tambayoyin da ake yi wa mai suna irin namu in ya je neman fasfo ko katin ɗan ƙasa. To wannan tebur ɗin kuke so a mayar da rabon shinkafa a kansa?

Tarihin garin nan ma ya ishe mu. A 1957, 'yan watanni bayan samun 'yanci, aka kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden daga Kumasi zuwa Najeriya saboda suna tare da 'yan hamayya. Da suka kai ƙara kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu don a rufe shari'ar. A 1958 aka kawo dokar tsare mutum ba shari'a, a 1964 aka koma jam'iyya ɗaya, a 1965 jagoran hamayya J. B. Danquah ya mutu a kurkukun Nsawam. Ina girmama Nkrumah a kan madatsar ruwa ta Akosombo da tashar jiragen ruwa ta Tema da makarantun da ya gina, ba na cikin masu zaginsa. Amma hannun da aka ba ikon tsara komai, shi ne hannun da ya kasa jure a ce masa a'a. Haka ta faru a Gini, har sai da matan kasuwa suka yi bore a Agustan 1977 a kan 'yan sandan tattalin arzikin Shugaba Sekou Toure. Sin da kuke yawan ambata, ta rasa miliyoyin rayuka a yunwar 1959 zuwa 1961 lokacin gonakin gama-gari, kuma ta fara miƙewa ne bayan 1978 da aka bar manomi ya sayar da rarar amfaninsa.

Za ku ce to ɗaya ɓangaren fa? Ba zan ɓoye ba. Firayim Minista Busia, wanda ake lissafawa cikin masu ra'ayin 'yanci, shi ya sa hannu a dokar korar baƙi ta Nuwamban 1969. Zanguna suka zama kufai, mutanen da aka haifa a nan suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau manyan motoci. Bayan gyaran 1983 an sallami dubban ma'aikata, an kawo tsarin biya kafin magani a asibitoci, mutane sun mutu a kan benci saboda babu kuɗi a hannu. Wasu kamfanonin gwamnati an sayar da su ga 'yan gaban goshi a farashin banza. Mu ma 'yan kasuwa ba mala'iku ba ne. Adam Smith da kansa ya ce da wuya masu sana'a ɗaya su taru ba su ƙulla yadda za su ɗaga farashi ba, kuma na zauna a tarukan da aka yi hakan, na san kasuwannin da baƙo ba ya isa ya sauke tumatir sai da yardar sarauniyar layin. Wannan zalunci ne, ku yaƙe shi, zan tsaya tare da ku. Amma ku duba kowane ɗaya da kyau, za ku ga wani ne ya sami ikon tare ƙofa. Ku kuma kuna neman a haɗa ƙofofin duka a ba mutum ɗaya makulli, bisa fatan zai zama nagari. Ana cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ni na ga sarakuna sun shigo da kyakkyawar niyya, kujerar ta canza su, kuma fadawan ba daga sama suka faɗo ba, tsarin rabo ne ke tara su kamar yadda zuma ke tara ƙuda.

Da ƙarfin nan naku za ku juya shi ku nemi a rage shingayen da ke tsakanin Paga da Kumasi, da kun rage kuɗin albasa fiye da kowace doka. Ku nemi kotun da za ta yanke rigimar bashi ko ta fili cikin watanni. Ku nemi a daina cin bashi da buga kuɗi don zaɓe. Ku bi harajin da ake karɓa a hannunmu kullum, ku tambayi ina kwatar Aboabo, ina maganin asibiti, ina kujerun makaranta, don waɗannan aikin hukuma ne, malaman da na ambata ma yawancinsu ba su musa ba.

In kuma kun yi imani da kantin jama'a, ba sai kun jira gwamnati ba. Ku 40 ne ko 50, ku haɗa kuɗi, ku kama shago a Asawase, ku saro shinkafa da mai, ku sayar a farashin da kuke ganin shi ne adalci. Babu mai hana ku. Ni zan ba ku buhun albasa 5 bashi, ba riba, ku biya bayan kun sayar, kuma zan haɗa ku da direbobin da na yarda da su. Abu ɗaya nake roƙo: ku riƙe littafin shiga da fita da gaskiya, bayan wata 6 mu zauna mu buɗe shi tare a gaban kowa.

Kafin nan ina jiran amsar tambaya ɗaya, a rubuce, kamar yadda kuka rubuto ta farko. Ranar da aka yanke farashi, wata tsohuwa mai tebur ta ce ba za ta iya sayarwa a haka ba don ta saya da tsada, me za a yi mata, kuma wane ne a cikinku zai yi?

Ku gaishe mini da iyayenku.

Wassalam,
Kawunku mai albasa, daga Aboabo, Kumasi